Yaya Kande da Sarƙoƙi Masu Jela

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da Allah ya karɓi ran yayata, Hajiya Kande, wadda matan unguwar Limawa a Dutse suka fi sani da Goggo Mai Duwatsu. Ni ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni. Rabin rayuwata a kan hanya na yi shi, fatauci ya kai ni Kumasi da Abidjan da Omdurman da kasuwannin dabbobi na ƙasar Ibo, ita kuwa ban da aikin Hajji ba ta taɓa wuce Kano ba. Duk da haka, in na zauna yanzu ina auna abin da na koya a duniya, sai in tarar mai nauyin cikinsa a tsakar gidanta na gan shi.

Sana'arta shirya duwatsun ado. A hannun mahaifiyarmu ta gada. Tana da faifai uku da take baza kayanta a kai, murjani daban, dutsen tsakiya daban, ƙananan duwatsun gilashi masu launi daban. Na jigida da na yara a zare take zura su, bayan ta goga masa kakin zuma don kada gumi ya cinye shi. Manyan duwatsu kuwa sai igiyar fata. Dukawa ne ke yanko mata jar fatar akuya siririya, ta jiƙa ta, ta murza a cinya har ta zama kamar tsinken tsintsiya, ta shafe da man shanu ta rataya a inuwa. Matan Fulani daga wajen Buji sukan biyo ranar kasuwa su zaɓi ja da rawaya, matan gari su kawo tsofaffin sarƙoƙin iyayensu a ƙulle a bakin zane, a wanke a sake shiryawa. Mijinta Malam yana zaure yana ba da karatu, ita tana ciki, allura a baki, tana amsa sallama da hanci.

Duk tafiyar da na yi sai na kawo mata tsarabar duwatsu. Ba ta yaba abu da sauri. Na ƙasar Gana, waɗanda ake daka kwalba a gasa, ta ce suna da kyau amma suna cin igiya. Na Sudan ta ciza ɗaya da haƙori ta ce roba ce aka yi wa ado, an ci kuɗina. Na Bida kaɗai ta riƙe a tafin hannu ta jujjuya, ta ce wanda ya yi waɗannan yana tsoron Allah.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni, garin ya cika da baƙi kafin a gina musu wurin kwana. Waɗanda suka san lokacin sun tuna yadda ma'aikata ke cunkushe a ɗaki ɗaya, wasu kullum a mota suke zuwa daga Kano. Bayan ma'aikata sai masu sana'a suka biyo. A cikinsu akwai wani Ibo mai gyaran wutar mota da matarsa, wadda kowa ke kira Maman Nkechi. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yar Fagge. Ta kafa ɗan tebur a bakin hanya tana sayar da sarƙoƙin ƙarfe da 'yan kunne, tana kuma gyara wanda ya tsinke da 'yar filaya.

Abin da ya fara kai ta gidan Yaya murjanin mahaifiyarta ne da zarensa ya ruɓe. Yaya ta shirya mata shi a igiyar fata, ta zo za ta ƙulle kamar yadda muka saba, sai baƙuwar ta ce ta dakata. Ta ciro 'yar hular ƙarfe ta matse bakin igiyar, ta saƙala ƙaramin zobe, ta maƙala ƙugiya. Yaya ta juya abin ta sake juyawa.

"Ƙarfe a ƙeyar mace? Sai ka ce akuyar da za a kai turke."

"Goggo, akuya ba ta kwance nata da kanta," in ji Maman Nkechi. "Wannan da hannu ɗaya za ki cire in za ki yi wanka."

Yaya ta yi tsaki, amma washegari ta aika a kira ta. Daga nan aka raba aiki ba tare da an zauna an raba ba. Yaya ta zaɓi duwatsu ta jera ta zura, Maman Nkechi ta zo da akwatinta ranar Talata da Asabar ta rufe bakin kowace sarƙa, ta ƙara guntuwar sarƙar ƙarfe ga mai son tsawo. Na ga masu irin wannan sana'a a ƙasashe da dama, amma kusan ko'ina mai dutse daban yake da mai ƙarfe, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa hannu. Su kuwa tabarma ɗaya suke zama, suna musu a kan launi, ɗaya ta ce kore ba ya zama kusa da shuɗi, ɗaya ta ce a garinsu yana zama har ya haihu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin 'yan shekaru sai da ya zama matan manyan ma'aikata, waɗanda da sai na Kano ko na Makka, suna aiko direba Limawa.

Sai shekarar ƙaddamar da shari'a ta zo. Ina so masu karatu su fahimce ni, a gidanmu murna aka yi. Malam ya yi shekaru yana addu'ar ganin ranar, Yaya ma ta dafa abincin sadaka. Amma abin da ya zama buri a gidan wani, fargaba ya zama a gidan maƙwabcinsa. Labarin tarzoma yana zuwa daga wasu garuruwa, gaskiya da ƙarya a haɗe, kowace safiya da sabon ƙari. A unguwarsu Maman Nkechi ba wanda ya ɗaga musu yatsa, amma iyayenta sun taɓa gudu daga Arewa tana 'yar ƙarama a goye, sai da ƙura ta lafa suka dawo, kuma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Danginsu suka matsa da saƙo su koma gida ƙasar Ibo. Mijinta ya rufe shago.

Ranar da za su tafi ta zo da akwatin aikinta, da filaya da ƙugiyoyi da zobba da komai, ta ajiye gaban Yaya. Ina gida a lokacin, ina jin su daga bakin ƙofa.

"Goggo, na ba ki. Kin ga yadda nake yi, ba wuya."

"Ban karɓa ba. Ajiya dai na karɓa."

"Ba na jin zan dawo."

"To ajiyar za ta daɗe ke nan," in ji Yaya. Ta tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, ta kawo mata ƙullin kuka da daddawa, ta raka ta har zaure, iyakar inda take rakiya.

Bayan tafiyarsu aiki bai tsaya ba, domin kakar aure ce. Kowa ya ɗauka Yaya za ta jawo akwatin, don ta iya, na sha ganin ta matse hular ƙarfe in ƙawarta ta tashi shan ruwa. Sai ta koma wa wani tsohon abu na mahaifiyarmu. A da, in an yi wa yarinya mai tasowa abin wuya, ba a yanke igiyar daidai wuyanta. Akan naɗe kowane baki a jikin ɗan'uwansa a yi ƙulli mai zamewa, a bar saura, in ta girma a sassauta. Mahaifiyarmu takan kira shi ƙullin jira. Shi Yaya ta riƙa yi wa kowace sarƙa, ta babba da ta yaro. Kuma maimakon ta lanƙwashe ragowar igiyar ta ɓoye kamar yadda aka koya mata, sai ta bar ta tana reto a ƙeya, tsawon ɗan yatsa. Duk wadda ta zo karɓar kayanta sai ta ce mata, "Ba a gama ba. In Maman Nkechi ta dawo ki kawo ta sa miki ƙugiya."

Wasu suka yi dariya suka karɓa. Wasu ba su ga abin dariya ba. Wata Hajiya daga Yalwawa, wadda ta ba da aikin kayan 'yarta amarya tun da wuri, ta zo ta tarar da sarƙa shida kowace da jela.

"Goggo, 'yata za ki kai ɗakin miji da wutsiya kamar gafiya? Ƙugiyar ta ƙare a duniya ne?"

"Ba ta ƙare ba, Hajiya, ga ta can ƙarƙashin gadona. Mai ita ce ba ta nan."

"To in ba ta dawo ba fa?"

"In na sa da hannuna, na yarda ke nan ba za ta dawo ba. Ni kuwa ban yarda ba tukuna."

Hajiyar ta kwashe duwatsunta ta kai Kano, ba ta sake takowa ba har shekara ta zagayo. Ba ita kaɗai ba ce. Matan ma'aikata da yawa suka janye, aikin ya ragu har Yaya ta koma yawan jigida da abin hannun yara. Wasu suka kai maganar zaure, suka ce wa Malam iyalinsa tana kashe sana'arta saboda wadda ba ta salla. Malam mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce musu a littattafan da yake karantarwa babin amana da na haƙƙin maƙwabci ba su zo da sharaɗin ƙabila ba, in kuwa shari'ar da muka roƙa ta zo, to da su ta zo. Ya ci gaba da karatunsa.

Ni kaina ban sa rai ba. Na ga irin wannan tafiya a wurare. Na ga lokacin da aka kori baƙi daga Gana, Hausawan da aka haifa a can suka bar gidaje da maƙwabta suna kuka, kuma cikin wata biyu wani ya shiga shagon, wani ya ɗauki sana'ar, ruwa ya rufe kamar ba a taɓa jefa dutse ba. Ba ƙiyayya ce ke hana mai gudu dawowa ba sau da yawa. Yakan ji labari ne cewa gurbinsa ya cike, sai kunya da zuciya su riƙe shi inda yake. Na faɗa wa Yaya haka. Ta ce, "To ai shi ya sa."

Sannu a hankali na gane abin da take nufi. Ƙullin jira ba ya kwancewa, mace za ta iya shekara da shi. Jelar ce ba ta barin a manta. Tana sosa ƙeya, tana leƙowa ta saman riga in an cire mayafi a cikin gida. A gidan biki ko suna sai wata ta tambaya, wannan fa, sabon yayi ne? A ce a'a, Maman Nkechi ake jira. Wacece ita? Sai a ba da labari. Matan da ba su taɓa ganinta ba suka san sunanta. Har 'yan matan Fulani masu kawo nono suna leƙowa su ce, Goggo, mai ƙarfen ta dawo? A lokacin da mutane ke tsoron ambaton junansu, sunan wata Ibo yana yawo a wuyan matan Dutse daga gida zuwa gida.

Da damina ta kusa, tafiya ta kama ni zuwa ƙasar Ibo da lodin wake. Yaya ta ba ni sarƙa guda in kai wa Maman Nkechi, jan dutsen tsakiya a igiyar fata, da jelarta. Na ce me zan faɗa mata? Ta ce, "Kai da ka iya yarensu, wannan karon ka riƙe bakinka. Miƙa mata kawai."

Na yi tambaya a kasuwa har aka kai ni gidan surukanta, a wani ƙauye mai jar ƙasa da itatuwan kwakwar manja. Ta rame. Tana zaune ba sana'a, 'ya'yanta da ba su iya yaren sosai ba yaran ƙauyen suna kiransu 'yan Hausa. Bayan gaisuwa na miƙa mata ƙullin. Ta warware, ta bi duwatsun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙeya.

"Wane irin aikin banza ne wannan? Alhaji, Goggo ta makance ne?"

Na ce idonta ƙalau.

Hannunta ya tafi gefen tabarma yana laluben filaya, inda ta saba ajiye ta. Sai ta tuna inda filayar take. Sannan ta tambaye ni ko wannan kaɗai ce aka yi wa haka. A nan na karya umarnin Yaya, na ce mata duk wadda ta fita daga gidan tun ranar da ta tafi haka take, na ba ta labarin Hajiyar Yalwawa da gafiya. Ta yi dariya har ta kifa kai a gwiwa, da ta ɗago fuskarta jiƙe take.

"Wannan tsohuwa za ta ɓata mini suna a garin nan," in ji ta.

Ba ta biyo ni ba. Mijinta bai amince ba, kuma ban ga laifinsa ba, uba ne mai 'ya'ya. Sai bayan an yi girbi ta zo ita kaɗai, wai za ta duba gari ta koma. Labari ya riga ta isa Limawa. Kafin ta gama shan ruwa tsakar gidan ta fara cika, mata suna kwance sarƙoƙi daga wuya suna ajiyewa a faifai. Yaya ta jawo akwatin, ta kaɗe ƙurarsa da gefen zane, ta tura mata.

"Ga ajiyarki. Duba ko wani abu ya ɓata."

"Abin da ya ɓata ai a wuyan mutane yake," in ji Maman Nkechi. Ta ɗauki filaya.

Dubawar da ta zo yi ta kwana biyu ta zama mako uku, domin kullum sai an kawo wasu, har daga ƙauyuka. Da ta koma, komawar ɗauko yara ce. Mijin ya biyo su bayan shekara guda. Ba zan ce kowa ya dawo ba. Da yawa daga waɗanda suka tafi a wancan lokaci ba mu sake ganinsu ba, kuma ba don an fi ƙinsu ba, sai don ba wanda ya bar musu abin da ba a gama ba.

Yau in na bi ta kasuwa ina tambayar kaina me Yaya za ta ce. Duwatsun roba daga Sin sun cika ko'ina, ana auna su a mudu kamar gero, na tabbata da sai ta ciza ta tofar. Dukawan da ke yanka mata igiya saura ɗaya, shi ma ido ya yi rauni. Amma jikarta Hauwa ta riƙe sana'ar, tana ɗaukar hoton sarƙa da waya, kafin la'asar wata a Abuja ko Yamai ta ce a ajiye mata. Da Yaya ta ga haka, ina jin da sai ta ce ta yaya mutum zai sayi dutsen da bai taɓa da hannu ba, sannan ta matso ta ce a nuna mata yadda ake yi. Ba ta ƙin sabon abu, sai dai ba ta karɓarsa ranar farko. Kayan ƙarfen kuwa har gobe daga shagon Nkechi suke fitowa, ita ma yanzu uwa ce, 'ya'yanta a Dutse aka yanke musu cibi. Na ji su da Hauwa suna musu a kan kore da shuɗi.

Akwai abin da nake jin zai dame ta. Yanzu mun iya cike gurbi da sauri. Maƙwabci ya tashi, kafin ya kai tasha an yi wa ɗakinsa fenti. Aboki ya yi fushi, a share lambarsa. Muna kiran wannan ci gaba da rayuwa, kuma wani lokaci shi ne daidai. Amma ina ganin samari da 'yan mata a garin nan, Musulmi da Kirista, suna koyon sana'a a benci ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya, ba su ma san akwai shekarar da hakan ya kusa yankewa ba. Rashin sanin nasu bai ba ni haushi ba. Wanda ya dasa itace ba ya bukatar mai shan inuwa ya san sunansa.

Yaya ba ta bar dukiya ba, faifanta uku Hauwa ta ɗauka, sarƙoƙin da ta shirya yawancinsu igiyarsu ta tsufa an sake zura su a wani hannu. Ba ta taɓa yin wa'azi a kan zaman lafiya ba, da an ce ta yi ma da sai ta ce ita ba malama ba ce. Taurin kai ne da ita, ta sa shi inda ya dace, ta biya kuɗinsa da sana'arta ba ta yi ƙorafi ba.

Ranar da ta rasu, bayan an kai ta, mata suka zauna karɓar gaisuwa a ɗakinta. Maman Nkechi ta zo da lulluɓi, ta nemi wuri can bakin ƙofa cikin masu zuwa ta'aziyya. Babbar 'yar Yaya ta tashi ta kamo hannunta ta zaunar da ita a tsakiyar dangi. Kwana uku tana nan. Duk matar da ta shigo, ta gaishe da 'ya'ya, ta gaishe da 'yan'uwa, sai ta durƙusa gabanta ita ma ta ce, "Maman Nkechi, ya haƙuri?" Ba wanda ya gaya musu su yi haka.

Allah ya jiƙan Yaya Kande, ya haskaka makwancinta, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.